Kaset uku na labarin Bama

Damina guda na yi ina zama gaban kakana da rakoda, ina son ya ba ni labarin yaƙin ƙasar Bama (Burma), lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar farko na yi ɓaranɓarama. Na ce, "Baba Tsoho, sojan Japan nawa ka harbe?" Ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa, bai ce uffan ba har aka kira magariba.

Sai da na koyi fara tambaya daga ƙasa: me kuka ci, ina kuka kwana, yaya ƙafafunku suka ƙare? Nan fa bakinsa ya buɗe.

Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka tura kwarin Kogin Kaladan a yankin Arakan farkon 1944. Dajin ba hanyar mota, don haka mutane suka zama motocin. Shi akwatin harsashi yake ɗauka a ka, a hau dutse a gangara, wuni sur. Abinci kuwa jirage ke jefowa da laima, in hadari ya rufe sama sai a ɗaure ciki.

Ya fi daɗewa a kan matsattsaku. Ya ja ƙafar wandonsa ya nuna mini ƙananan tabbai a ƙwauri: ba ka jin hawansa, sai ka cire takalmi ka ga safa jage-jage da jini. Da wutar taba suke sa shi ya saki. Ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mefakirin, mai ɗan karen ɗaci, kullum sai saje ya tsaya a kanka ka haɗiye. Duk da wannan wahala, albashinsu bai kama ƙafar na Baturen soja ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Da dare sojojin Japan kan lallaɓo kusa su yi ta ihu, don wani ya firgita ya harba a gane inda ramukansu suke. Umarni shi ne kada wanda ya taɓa kunamar bindiga. Ya ce wannan shirun ya fi akwatin nauyi.

A kaset na uku ban yi tambaya ko ɗaya ba. Shi ya fara kiran sunayen waɗanda aka baro a can, ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsu, yana musu addu'a, har zaren ya ƙare.