Ni ba boka ba ne: shekara 11 ina raba mutane da sigari

Duk wanda ya shigo ofishina karon farko sai na ga yana rarraba ido, yana neman ƙwarya ko kaskon turare. Babu ko ɗaya. Kujera ce mai kwantar da baya, sai tawa a gefe, da labule mai kauri, da wata 'yar na'ura da ake hura wa iska. Shekara 11 ke nan ina wannan sana'a a Kaduna, ina taimaka wa mutane su rabu da taba sigari ta hanyar da likitoci ke kira hifnosis, amma har gobe mai shagon da ke ƙasana "Malam mai sa barci" yake ce mini.

Alhali ba barci ake yi ba. Mutum yana jin duk abin da nake faɗa, in ya ga dama ya buɗe ido ya ɗauki hularsa ya fita. Ka taɓa nutsewa cikin sauraron wani labari a rediyo har a kira sunanka sau biyu ba ka amsa ba? To irin wannan nutsuwar ce, sai dai a nan da gangan ake kai mutum cikinta, domin a lokacin ne magana take shiga ta zauna.

Ni kaina tsohon mashayi ne. A Zariya na taso, garin da ke da kamfanin taba, kuma ina aji uku na sakandare na zuƙi karan farko a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, na yi tari har da hawaye. Sai da na shekara 16 ina busawa. A Manchesta ta ƙasar Ingila na daina, lokacin ina aikin jinya a can, a hannun wata dattijuwar Baturiya wadda daga baya ta zama malamata. Takan yi alfahari cewa a garinsu ne wani likitan fiɗa, James Braid, ya tsamo wannan aiki daga hannun masu siddabaru a shekarun 1840, ya nuna cewa ba wani ƙarfi ne ke fita daga jikin mai yi ba, hankalin wanda ake yi wa ne ke tattaruwa wuri ɗaya.

Wata uku cur matar nan ba ta bar ni na zaunar da ko mutum ɗaya ba. Murya kawai. Ta ɗauki maganata a faifai, ta kunna mini, ta ce in saurari kaina. Wallahi sai na ji kamar ɗan kamasho yana kiran fasinja. Ita ta koya mini in daidaita kalmata da numfashin mutum, in yi magana lokacin da yake sauke numfashi, in yi shiru lokacin da yake ja. Shirun nan ya fi komai wuya. A wurinta na kuma koyi hanyar Herbert Spiegel, likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda a 1970 ya gina aikinsa kan magana uku: taba guba ce ga jikinka, kana bukatar jikinka don ka rayu, kuma jikin nan yana da haƙƙin kariya a kanka. Da na juya ta uku zuwa harshenmu sai na ga ai abin da muka sani ne tun muna makarantar allo, jiki amana ne.

Dawowata gida ce ta nuna mini sauran aiki. Rubuce-rubucen da na zo da su, waɗanda ake karanta wa mutum don kai shi cikin nutsuwa, duk zancen bakin teku suke yi, da yashi, da igiyar ruwa. Na gwada wa wani tela ɗan Tudun Wada, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Malam, ni fa tsoron ruwa nake." Daga ranar na ajiye su. Shekara biyu na yi ina gina nawa, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da sanyin asuba a hanyar masallaci, da inuwar darbejiya bayan la'asar. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaran da suka kalli bidiyo biyu a YouTube suna tura wa mutane murya ta WhatsApp, wai a saurara sau uku a daina sigari har abada. Har nawa faifan wani ya naɗa a ɓoye yana sayarwa, da tarin da na yi a tsakiya da komai.

Abin da ba za su iya kwaikwaya ba shi ne awar farko, wadda ko rufe ido ba a yi a cikinta. Hira ce zalla. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin kamar daƙiƙa 10 da zuƙa. Mai shan kwali ɗaya, kara 20, in yana zuƙar kowanne sau goma, sau 200 ke nan a wuni yana ɗaure taba da wani abu na rayuwarsa: kofin shayi, fita daga banɗaki, faɗa da uwargida, zaman majalisa. Aikina in gano waɗannan ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani direban tirela mai bin hanyar Legas, kwali biyu yake tashi da shi a rana, leɓensa ya yi baƙi ƙirin. Yana zama ya ce, "Malam, tsakani da Allah, ba za ka sa in tona asirina ba?" Na ce, "Alhaji, abin da ba ka faɗa wa matarka ido biyu ba, ba za ka faɗa mini ido rufe ba." Ya yi dariya har da buga cinya. A hirarmu na gane ba taba yake so ba, gyangyaɗi yake tsoro. Daga Tegina zuwa Mokwa cikin dare, sigari ce abokiyar hirarsa. Saboda haka ban ɓata lokaci ina ba shi tsoron cutar daji ba, duk da hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ta. A cikin nutsuwar na zaunar da shi a bayan sitiyari, da dare, hannunsa na miƙewa wajen kwali, sai ya tarar da asuwaki da gorar ruwan sanyi. Muka maimaita har hannun ya saba. Muka kuma yi yarjejeniya cewa in barci ya zo da gaske, a faka a kwanta.

Kafin ya tafi ya hura na'urar nan, wadda ke auna gurɓatacciyar iskar da taba ke bari a jiki. Ta nuna 27. Bayan mako ɗaya ta nuna 4. Ya riƙe ta yana juyawa kamar an ba shi kyautar agogo. A wata na uku ya koma shan taba, ranar da motarsa ta lalace a Jebba ya kwana biyu a bakin titi. Ya dawo yana sunkuyar da kai, muka sake zama sau biyu.

Ina faɗin wannan ne saboda masu alkawarin ɗari bisa ɗari. Ƙarya suke yi. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da hifnosis a aikin asibiti tun 1955, amma masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane sun ce a 2019 babu isasshiyar hujjar cewa ya fi sauran hanyoyin ba da shawara wajen daina taba. Ina gaya wa kowa wannan kafin ya zauna. Wanda nikotin ya kama sosai, mai kunna kara kafin ya wanke ido, nakan tura shi ga likita a haɗa masa da cingam ko filastar nikotin, domin kwana ukun farko su ne masu zafi, ga fushi, ga ciwon kai, ga rashin barci, kuma sai an yi mako biyu zuwa huɗu abin ke lafawa. Mai fama da taɓin hankali ba na zaunar da shi. Haka wanda aka taso ƙeyarsa. Wata hajiya ta kawo ɗanta, saurayi, ta ce, "Malam, a cire masa kawai, ko nawa ne." Na ce, "Hajiya, ba haƙori ba ne." Yaron ya dawo da ƙafarsa bayan shekara guda.

Babban abokin hamayyata ma ba 'yan WhatsApp ba ne, mai tireda ne. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma leƙa teburin bakin layinku ka gani. Mutum ya yi kwana ashirin yana daurewa, canjin da ke aljihunsa kawai ya isa ya rushe komai.

Lokacin da na fi cika shi ne makon ƙarshe na Sha'aban. Wanda ke iya wuni tun daga sahur har magariba bai kunna ba ya riga ya yi rabin aikin, saura mu gyara abin da hannunsa zai ɗauka bayan dabino. Wanda zai zo, ya taho da kwalinsa da ashanarsa, akwai durowar da muke tara su. Ta direban nan tana ciki, wata jar leta ta kunna taba, mai hoton zaki. Da ƙaramar sallar da ta wuce ya kira ni daga Mokwa, ina jin ƙarar injin a bayansa, ya ce asuwakin da na ba shi ya ƙare, a ina nake sayen irinsa.