Kafin ka rubuta sunanka a jikin tanki

Wani yaro a mazaɓarmu yana neman kansila, ya kawo injin haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar watan Agusta. Fostarsa ta riga injin isowa: ɗan gida, haifaffen unguwa, a nan ya yi firamare, ya je jami'a ya dawo don ya yi wa mahaifarsa hidima. Duk gaskiya ne, na san gidansu. Na ce masa ya dakata sai bazara. Ya rusuna ya ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma," ya juya ya ci gaba da ɗaukar injin hoto a waya. Abin da yake shirin yi na riga shi yi, da kuɗina, lokacin da nake kansila, kuma rijiyar tawa yau ko moɗa ɗaya ba ta bayarwa.

Ga yadda ta mutu. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, injin ya tarar da shi tun bai yi nisa ba. Ɗan kwangilar da kuka yi jinga da shi kuwa ba ya son ƙara ko mita ɗaya, domin kowace mita dizal ce da bututu daga aljihunsa. Da ya ga ruwa ya yi tsiri sai ya kashe inji ya ce an gama. Ruwan ya wadata har bayan kaka, kowa na sa albarka. Ana shiga Maris da Afrilu ya janye ya koma ƙasa da bakin famfo, daidai lokacin da rijiyoyin gida suka ƙafe kuma jama'a suka fi bukatarsa. Na san wannan? Manoman rani sun gaya mini. Amma zaɓe ba ya jiran bazara, abokin takarata kuma ya riga ya raba buhunan taki. Wanda bai taɓa tsayawa takara ba zai ce haƙuri ya kamata in yi. Faɗa da baki ba wuya.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai. A yawancin ƙasar Kano da Kaduna da kudancin Katsina dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagarsa da cikin rubabben dutsen da ke samansa. Sai a samu ruwa a nan, a matsa taku hamsin a haƙa a tarar da ƙura. Don haka ake kiran masu binciken ƙasa su auna da na'ura kafin a kafa inji, kuma kuɗin awon bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin haƙar. Ni ban kira su ba. Na riga na zaɓi wuri: ƙofar gidan mutumin da ya kawo mini akwatin unguwarsu. Da na kai ta wani wurin da ya juya mini baya, kuma mutumin ya yi mini wahala, wannan ba zan musa ba har gobe. Sai dai ruwa bai san wanda ya kawo akwati ba.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne da ba a gani a hoto. Ba a zuba wankakkiyar tsakuwa a gefen bututun tacewa ba, yashi ya riƙa shiga. Ba a toshe saman ramin da siminti ba, ruwan kwata ya samu hanya. Ba wanda ya auna tsakaninta da shaddar maƙwabta, alhali ana so a bar aƙalla mita 30. Ba a yi gwajin ja ba, wato a kunna famfo ya yi awanni yana zuƙa a ga ko ruwan zai riƙe. Sannan na ɗora mata sola da sumo, wato famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiya, mai ƙarfin da ya fi abin da rijiyar ke iya tarawa, don in ga tanki ya cika da sauri ranar buɗewa. Sumo kuwa ruwa ne ke sanyaya shi, in ya zuƙi iska sai ya ƙone. Ya ƙone. Aka zo wurina na saya, ya sake ƙonewa. Da na sauka daga kujera babu wanda ya san wa zai saya, domin sunana ne a jikin tankin da manyan baƙaƙe, kowa ya ɗauka rijiyar Onarabul ce. Filin ma ban karɓi takarda ba, da mai gidan ya rasu magada suka ja katanga suka shigar da ita ciki.

Akwai abin da ban fahimta ba sai da na shiga sakatariya. Kansila ɗan majalisa ne. Aikinsa yin dokokin ƙaramar hukuma, duba kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe shi. Ciyaman ne ke riƙe da aiwatarwa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa abin da ke wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a firamare da kiwon lafiya. Da na karanta wannan shafin da wuri, da na kashe ƙarfina wajen cusa ruwan mazaɓata cikin kasafi, a yi shi da injiniyan sashen ayyuka. To amma a lokacinmu kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ke isowa bayan albashi ba a magana. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Kada ku yi wa kowa alkawari a kansa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu in rubutu ya wuce tsawon allon waya kun wuce. Tun da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara a 2018 kowa ya ɗinka babbar riga ya zama mai kishin al'umma, a tambaye shi rijiyoyi nawa suka lalace a mazaɓarsa ya yi shiru.

Kada ka haƙa sabuwa. Zagaya ka ƙirga matattu. Da yawa daga famfunan tuƙa-tuƙa da ke tsaye ba abin da ya same su illa robar ciki da ta cinye, ko sandar ja da ta tsinke, ko bututun ƙarfe da ya yi tsatsa. Kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da su da dama. Matsalar dai ita ce gyara ba ya kawo ƙuri'a, na sani, ba wanda ke kiran makaɗa don an canja roba. In kana son ka ci zaɓe, to haƙa ɗin, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma a ƙarshen rani, bayan awo, a filin da mai unguwa da dagaci suka sa hannu cewa na jama'a ne. Ka biya da mita, ka tsaya da kanka ana ƙirga bututun da ke shiga rami. Ka riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai rijiyar ta ga bazara.

Kada ka rubuta sunanka. Ko kuwa rubuta, ai kai ka biya, ba kuwa za ka ji maganata ba. Amma ka sa shi ƙanana a ƙasa, a sama a rubuta sunan unguwar. Kafin ranar buɗewa a kafa kwamiti, a sa mata a ciki tunda su da yara ke ɗiba, a yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa duk wata, a ajiye a hannun wanda ba ɗan jam'iyyarka ba. In unguwar ta ƙi yarda da wannan karo-karon, ɗauke injin ka kai gaba.