Ranar da Yaya ta sauka a Jos

Asabar, ƙarfe 11 na dare.

Sanyin Disamba a Jos sai wanda ya kwana a ciki. Tun kafin kiran assalatu na ji motsin Baban Ummi a madafa, yana hura gawayi don ɗora ruwan alwala. Shekara 23 ke nan bai fasa ba. A watan Agustan 2001 aka ɗaura mana aure, ko wata guda ban cika a ɗakina ba rikicin 7 ga Satumba ya ɓarke. Kwana uku muka yi a kulle, garin rogo kawai muke jiƙawa. Yakan yi loma biyu ya ce ya ƙoshi, don in samu ƙari. Tun a lokacin na san irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi.

Yau kuwa zuciyata tana tashar Bauchi Road. Yaya ce za ta iso daga Damagaram.

Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ban ma taɓa sa ta a ido ba. A Facebook muka haɗu a 2017, ta tambayi yadda ake gwaten acca na ba ta amsa, daga nan hira ta koma WhatsApp. Ta girme ni da shekara shida, shi ya sa nake ce mata Yaya. Da Baban Ummi ya kwanta asibiti a 2021, ita ce ke raya dare da ni. Ƙarfe biyu, ƙarfe uku, sai in ji saƙon muryarta: "Ƙanwata, kin ci wani abu? Tashi ki sha ko kunu ne." Ko sannu na ce, takan gane na yi kuka. 'Yan uwan da ke unguwa ɗaya da ni ma ba su kama wannan ba, kuma ban riƙe su a rai ba, kowa da nauyin da ke kansa.

Ta so zuwa tun 2023, sai juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar ya sa aka rufe iyaka. Muka haƙura.

Motarsu ta shigo bayan la'asar. Na hange ta tana saukowa, ta naɗe cikin lafaya, tana rawar ɗari. Ikon Allah, mu da muke kwana hira, sai bakinmu ya mutu. Muka tsaya muna kallon juna. Ita ce ta fara cewa, "Ƙanwata, lahiya lau?" Jin muryar nan ba ta cikin waya ba, sai hawaye. Na rungume ta a tsakiyar tasha, masu keke na ta yi mana hon.

Tsarabarta kilishi ne da cuku da dabino. Ni kuma na yi mata gwaten da ya haɗa mu, na zuba yakuwa da gauta, ga dankalin turawan da na sayo da safe a Farin Gada. Ta cinye kwano, ta ce ashe shekara bakwai ruwa take cika masa.

Da Baban Ummi ya dawo daga Isha'i, ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Jinyar da kika taya ni daga nesa, Allah ya biya ki." Ban taɓa gaya masa abin da take faɗa mini a dararen nan ba. Ashe idonsa kawai ke rufe, yana jin komai.

Ya kwashi bargonsa ya koma falo, ya bar mana ɗakin. Yaya ta yi barci yanzu, da safa biyu a ƙafarta. Na leƙa madafa in kashe fitila, na tarar ya sauke ƙaramar tukunyar ruwan zafi, ya ɗauraye babbar ya cika ta.