Kwana Biyu a Fadamar Rima Muna Ƙidayar Tsuntsaye

Mun bar birnin Sakkwato bayan sallar Asuba a wata safiya ta Janairu, hazo ya rufe gari, mu uku a mota: ni da direba da ƙanena da ke karatun ilimin dabbobi a jami'a. Shi ya ja ni cikin aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta ƙaddamar a 2015. An yanka ƙasar gida-gida kamar gurabun dara, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, kuma duk wanda ya shiga gida sai ya shafe aƙalla awa 2 yana rubuta tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, yayin da manhajar waya ke ɗaukar daidai inda yake tsaye.

A bakin tafkin Kware muka fara. Balbela da hankaka da shirwa ba su ba mu wahala ba, kirinjijiya kuwa kukanta ya riga ta isowa. Da na nemi a rubuta shamuwa, tunda tun muna yara muke ganin sheƙarta a bishiyoyin yankin, sai ƙanena ya hana. "Yaya, shamuwa ta damina ce, yanzu tana can kudancin Afirka," in ji shi, ya ƙara da cewa abin da ido ya gani yau kaɗai ake rubutawa, domin taswirar tana bin watannin shekara kamar yadda take bin wuri. Na ji kunya kaɗan, amma gaskiyarsa ce.

A Wurno muka kwana, garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Da dare ya buɗe kwamfuta ya nuna mini inda ɗigo-ɗigon da wayar ke sakawa a duk wurin da aka ga tsuntsu suke ƙarewa. Ana ɗora wuraren da aka ga tsuntsu a kan bayanan ruwan sama da zafi da yawan ciyayi da tauraron ɗan Adam ke ɗauka, sai manhaja irin MaxEnt ta gano yanayin da tsuntsun ya fi so, ta haska sauran wurare masu kama da shi, ko da babu wanda ya taɓa taka su. Amfanin wannan a fili yake ga mai gonar shinkafa da jan-baki ke yi wa ɓarna. Sai dai na lura ɗigon sun jeru a gefen kwalta kamar tallar mangwaro, wato manhajar tana koyon inda mota ke iya zuwa tare da inda tsuntsu ke zaune, kuma ba ta da bakin da za ta bambanta su.

Washegari a kusa da madatsar ruwa ta Goronyo muka tarar da wani dattijo masunci yana ɗinkin koma. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin gauraka?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya nuna wata fadama da haɓa, ya ce a can suke rawa yana saurayi, amma jikokinsa sunan kawai suka sani. Wannan magana ba ta da gurbi a manhajar, saboda haka a bayan littafina na rubuta ta.

Mun so mu ƙara gaba zuwa gidajen da ke gabas, wajen Sabon Birni da Isa, waɗanda suke fari fat a taswirar don ba a ƙidaya tsuntsayensu ba, amma direba ya ce ko nawa za a biya shi ba zai bi hanyar ba a halin rashin tsaron da ake ciki. Ba mu ja da shi ba. Muka juya kafin La'asar da jerin sunaye na gida uku, dinya biyu suna wucewa ta samanmu, sun nufi gabas ɗin.