Yadda nake auna 'yan wasan besbol na MLB da lissafi

Kakar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, doguwa ce. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162, jimilla wasanni 2,430 kafin a shiga zagayen neman kambu. Ba mai iya kallonsu duka, balle mu da wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York yake riskarmu da sha biyun dare, na Los Angeles kuwa da ƙarfe 3 na dare. Shi ya sa yawancin sharhina daga teburin alƙaluma yake fitowa. Nakan ɗauko ɗanyen lambobi daga shafukan intanet na Baseball-Reference ko FanGraphs, in zuba su a Excel, in sake lissafa kowane ma'auni da kaina kafin in yarda da shi. Sai mutum ya lissafa da hannunsa yake gane abin da lamba ta ƙirga da abin da ta bari a waje.

Tushen komai shi ne fita, wato masu tsaro su fitar da ɗan wasan ƙungiyar da ke bugu. A wasa mai zango 9, kowace ƙungiya fita 27 gare ta, uku a kowane zango. Ba agogo ne ke tashin wasa ba, ƙarewar fita ce. Waɗannan 27 ɗin su ne jarin ƙungiya, kuma duk mai bugun da ya tsaya, ko dai ya ci daga cikin jarin, ko ya isa tasha (ɗaya daga cikin wurare huɗu da ake zagayawa a ci maki) ya bar wa na bayansa dama. Da wannan idon nake duban kowane shafi na tebur.

Lambar da aka fi sani ita ce AVG, wato yawan bugun da ya kai mutum tasha, shafin H, a raba da shafin AB, wato yawan tsayuwar da ya yi don bugu. Matsalarta a AB ɗin take. Idan mai jifa ya kauce sau huɗu aka ba mai bugu tasha ta ɗaya kyauta, ko ƙwallo ta same shi a jiki, ba a sa wannan tsayuwar cikin AB. Ke nan AVG ba ta ma san an yi ta ba, alhali mutumin ya isa tasha bai ci fita ba.

Mutum biyu nakan jera don a ga girman wannan giɓi. Luis Arraez a 2024, shekarar da ya koma San Diego Padres daga Miami Marlins, ya yi H 200 cikin AB 637, AVG ɗinsa .314, kuma shi ne na ɗaya a National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na MLB. Kyle Schwarber na Philadelphia Phillies a 2023 ya yi H 115 kacal cikin AB 585, AVG .197. Wanda ya tsaya a nan zai ce ba a ma haɗa su. To amma Arraez sau 24 aka ba shi tasha kyauta, Schwarber kuwa sau 126. Don haka sai in koma OBP, kason isa tasha: a haɗa H da BB (kyautar tasha) da HBP (ƙwallo ta sami mutum a jiki), a raba da jimillar AB, BB, HBP da SF (bugun sama da aka cafe amma mai gudu ya ci maki). Na Arraez ya fito .346, na Schwarber .343. Tazarar da ta kai maki 117 a AVG ta dawo 3. Wajen kare jarin ƙungiya, kusan kunnen doki suka yi.

Daga nan sai tambayar nisan da bugun ya kai, wato SLG: jimillar tashoshin da aka samu da bugu, a raba da AB. A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin shafin H ya riga ya ƙunshi bugun tasha biyu (2B), na tasha uku (3B) da hom-ron (HR), wanda mai bugu ke zagaye tashoshi huɗu gaba ɗaya. Dole a fara ware bugun tasha ɗaya: H a cire 2B, 3B da HR. Na Schwarber, 115 a cire 19, a cire 1, a cire 47, saura 48. Wato hom-ron 47, bugun tasha ɗaya 48. Tashoshinsa ke nan 48 da 38 da 3 da 188, jimilla 277, a raba da 585 ya ba da .474. Arraez yana da bugun tasha ɗaya 161, na biyu 32, na uku 3, hom-ron 4, jimilla 250, SLG .392. Wanda ya manta da warewar nan zai ƙirga kowane hom-ron sau biyu, ya fito da lambar da ba ta taɓa faruwa ba.

Idan aka haɗa OBP da SLG, abin da ake kira OPS, Schwarber yana da .817, Arraez wajen .740. Ina amfani da OPS don duban gaggawa, amma ban cika dogara da ita ba, saboda tana haɗa kaso biyu da ba a raba su da abu ɗaya ba, kuma tana rage wa OBP nauyin da ya cancanta. Wadda na fi so ita ce wOBA, mai ba kowane abu farashinsa gwargwadon makin da yake jawowa: kyautar tasha kusan 0.69, bugun tasha ɗaya kusan 0.89, na biyu kusan 1.27, na uku kusan 1.62, hom-ron kusan 2.1. Waɗannan nauyin suna ɗan motsawa kowace shekara, sai a ɗauko na shekarar da ake dubawa. Abin lura a ciki shi ne hom-ron bai ninka bugun tasha ɗaya sau huɗu ba kamar yadda SLG ke nunawa, bai ma kai sau biyu da rabi ba.

Ba wai ina raina Arraez ba ne. Mutumin da a kaka guda sau 29 kawai mai jifa ya fitar da shi ba tare da ya sa ƙwallo cikin fili ba, a zamanin da Schwarber ya sha hakan sau 215, gwani ne na gaske, kuma ina jin daɗin kallon yadda yake karkatar da ƙwallo ta tsallake kan masu tsaro. Ya zama na ɗaya a AVG shekara uku a jere, 2022 zuwa 2024, da ƙungiyoyi uku daban-daban. Sannan lissafin nan na bugu ne kawai, bai taɓa tsaron fili ba, inda Schwarber ya yi wa ƙungiyarsa asara a 2023. Abin da nake cewa shi ne .314 da .197 ba su faɗi wanda ya fi jawo maki ba.

Ɓangaren masu jifa ya fi tarko. Na daina kallon shafin nasara da rashin nasara, domin yana auna aikin masu bugun ƙungiyar ne fiye da na mai jifan. Jacob deGrom na New York Mets a 2018 ya gama da nasara 10, rashin nasara 9, lambar mutum matsakaici. Amma a zango 217 maki 41 kawai aka ci shi waɗanda laifinsa ne. ERA ita ce wannan makin sau 9 a raba da zango: 41 sau 9 ya ba da 369, a raba da 217, ya zama 1.70. Shi aka ba lambar yabo ta Cy Young, ta gwarzon mai jifa, a shekarar, kuma daidai aka yi. Haka aka yi wa Félix Hernández na Seattle a 2010 da nasara 13, rashin nasara 12, ERA 2.27.

Ga wani abu ƙarami da ke ɓata lissafi gaba ɗaya. A tebur, idan aka rubuta zango 5.2, ana nufin zango biyar da fita biyu, wato biyar da kashi biyu bisa uku. Excel kuwa biyar da ɗigo biyu yake gani. Mai jifan da aka ci maki 2 a zango 5.2, ERA ɗinsa na gaskiya 3.18 ne, amma idan aka raba kai tsaye zai fito 3.46. Wajen tarawa abin ya fi muni: 5.2 da 6.2 kwamfuta za ta ce 11.4, alhali amsar ita ce 12.1. Abin da nake yi shi ne in buɗe sabon shafi in mayar da komai fita: cikakkiyar lambar sau 3, a ƙara abin da ke bayan ɗigo. 5.2 ya zama 17, 6.2 ya zama 20. In tara, sannan in raba da 3 a ƙarshe.

ERA ma ba tsab take ba, domin masu tsaron da ke bayan mai jifa suna da hannu a ciki. FIP tana ware abin da ke hannunsa shi kaɗai: hom-ron sau 13, a ƙara kyautar tasha da bugun jiki sau 3, a cire waɗanda ya fitar da jifa sau 2, a raba da zango, a ƙara wata lamba ta shekarar da ke wajen 3.1 zuwa 3.2. Na deGrom: hom-ron 10 ya ba da 130, kyauta 46 da bugun jiki 5 suka ba da 153, mutum 269 da ya fitar suka ba da 538. Sakamakon 255 ƙasa da sifili, a raba da 217, a ƙara 3.16, ya fito 1.99. ERA da FIP sun yi kusa, alamar cewa ba sa'a ba ce. Inda na ga ERA 2.50 amma FIP 4.20, nan take nake duba BABIP, wato kason ƙwallayen da aka buga cikin fili suka zama H. Na yawancin masu jifa yana komawa wajen .290 zuwa .300 idan aka daɗe, abin da Voros McCracken ya jawo hankali a kai wajen shekarar 2000. Mai .230 a watan Mayu, ina sa ran lambobinsa za su hau kafin Agusta, sai dai in akwai dalili a bayyane, kamar tsaro na musamman a bayansa.

Ƙungiya ma haka nake mata. Akwai lissafin Bill James, masanin alƙaluman besbol, mai ƙiyasta kason wasannin da ya kamata ƙungiya ta ci: makin da aka ci a ninka shi da kansa, a raba da jimillar wannan da makin da aka bari shi ma an ninka shi da kansa. Texas Rangers a 2016 sun ci wasa 95, amma maki 765 suka ci, aka ci su 757. Lissafin ya ba da kaso .505, sau 162, wasa 82. Ragowar 13 daga ina? Daga wasannin da aka tashi da ratar maki ɗaya, inda suka ci 36 suka faɗi 11. Irin wannan ba ya cika maimaituwa, kuma a 2017 wasa 78 suka ci. Masu son ƙarin daidaito suna ɗaga makin zuwa ƙarfin 1.83 a maimakon 2, wato ninka shi da kansa, amma bambancin yawanci bai wuce wasa ɗaya ba.

Kafin in kwatanta mutum biyu, sai na tambayi fili da shekara. Coors Field a Denver yana bisa tudu kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, har aka fara ajiye ƙwallaye a ɗaki mai danshi tun 2002 don rage hakan. OPS+ da wRC+, ma'aunan bugu da aka daidaita da fili da shekara, sun gyara wannan: 100 shi ne matsakaici, 130 yana nufin ya ɗara matsakaici da kashi 30 cikin ɗari. Kakar 2020 wasa 60 ce kawai, ba na haɗa jimillarta da ta sauran shekaru.

Dokokin 2023 sun sauya satar tasha sosai, wato mai gudu ya zarce tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. An faɗaɗa tashoshi daga inci 15 zuwa 18, an sa wa mai jifa agogo, an kuma taƙaita yawan jifan da zai yi don tsare mai gudu. A shekarar Ronald Acuña Jr. ya saci 73, a 2024 Shohei Ohtani ya saci 59 tare da hom-ron 54. Lambar da ta fi burge ni a ta Ohtani ita ce 4, wato sau nawa aka kama shi. Sata ɗaya tana ƙara kusan maki 0.2, kamu ɗaya yana rage kusan 0.4, tunda an rasa mai gudu an kuma ci fita. Nasa ke nan 11.8 a cire 1.6, kusan maki 10, wanda a ƙiyasin da aka saba ya kai nasarar wasa ɗaya. Wanda ya saci 40 aka kama shi sau 20, ribarsa sifili ce, komai kyan lambar 40 a ido.

Sai batun yawan tsayuwa. A AB 100, tsakanin .250 da .300 bugu biyar ne kawai, kuma biyu daga ciki suna iya zama ƙwallon da ta zame wa mai tsaro da ɗan yatsa. MLB ma ba ta sa mutum cikin jerin gwanayen AVG sai ya kai tsayuwa 502. A Afrilu abin da nake duba shi ne kason fitarwa da jifa, mai fara zama daram bayan tsayuwa kusan 60, da kason kyautar tasha, bayan kusan 120. Ina kuma leƙa shafin Baseball Savant, inda na'urar Statcast tun 2015 take auna gudun ƙwallo daga sanda. Duk wadda ta kai mil 95 a awa, wajen kilomita 153, ana ɗaukarta bugu mai ƙarfi. Mai bugun da rabin ƙwallayensa ke kai haka amma AVG ɗinsa .210, ba na yanke masa hukunci da wuri.

WAR tana ƙoƙarin dunƙule bugu, gudu, tsaro da matsayin da mutum ke tsarewa cikin lamba ɗaya, wato nasarorin da ya ƙara wa ƙungiya sama da ɗan canji, kuma ina amfani da ita, da sharaɗi biyu. Na farko, iri-iri ce: ga masu jifa, Baseball-Reference tana farawa daga makin da aka ci su, FanGraphs kuma daga FIP, don haka mutum ɗaya a shekara ɗaya yana iya samun lambobi biyu masu rata. A teburina nakan rubuta majiyar a kan shafin, ba na cakuɗa su. Na biyu, ɓangaren tsaro shi ne mafi rauni a cikinta, yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara. Saboda haka idan wani yana da 6.1 wani 5.6, ina ɗaukarsu daidai, in koma wRC+ ɗinsu, da yawan wasannin da kowa ya buga, da lambobin tsaronsu na shekaru uku a haɗe kafin in fifita ɗaya.