Ƙwayoyin da na tarar a cikin hula

Kusan wata biyu ina sa hannu a rajista cewa mutumin nan ya sha magani, safe da yamma, ba fashi. Har yau in na tuna, da kaina nake fushi.

Ma'aikacin jinya ne ni a wani wurin tsare masu jiran shari'a a nan Kaduna. Kotu ta sa aka duba shi, likita ya ce sikizofireniya ce, taɓin hankalin nan mai sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa. Aka ɗora shi kan haloperidol, da benzhexol, wanda yaran gari ke kira Exol, don kada jikinsa ya sandare. Ya dawo hayyacinsa har yana tsokanata. Ni kuma sai na saki jiki: layi dogo, in zuba masa a tafin hannu, ya kai baki, in ce "na gaba".

Ranar zuwa kotu ya ƙi fitowa, yana ihu wai an zuba guba a ruwa. A naɗin hularsa na tarar da ƙwayoyi sun haura 40, wasu miyau ya jiƙa su sun manne. Duk haloperidol. Exol ko ɗaya babu.

Da ya lafa na tambaye shi. Ya ce, "Malam, Exol ɗin manyan ɗaki ke karɓewa, suna buguwa da shi. In na sha ɗayan shi kaɗai wuyana ya ƙage, hannuna na rawa, miyau na dalala, ko alwala ban iya yi. Dariya suke min."

Na sha ganin hannun nan yana rawa. Na ɗauka sanyin hunturu ne. Sanyi fa!

Mun yi murnar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta leƙa ƙarƙashin harshe. Yanzu kowa da kofin ruwa a gabana yake haɗiyewa, ya buɗe baki, ya tsaya mu ɗan taɓa hira, in tambayi wuya da hannu da barci. Shi kuwa likita ya mayar da shi kan allurar fluphenazine ta wata-wata.

An ɗage shari'arsa wata huɗu. Mahaifiyarsa na zuwa daga Rigasa da kwanon tuwo, kullum sai ta ce min, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ban taɓa ba ta labarin hular ba.