Littafin da Nake Riƙe da 'Ya'yan Mutane a Cikinsa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin mushirifa a dakiliyyar 'yan mata a Wad Madani ta ƙasar Sudan, wato gidan kwanan ɗaliban jami'a. Duk lokacin da na je gida Mai Wurno sai tsofaffinmu su tambaye ni me nake koyarwa. In ce musu ba na koyarwa, masu koyon nake kula da su. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta fara gane aikin. Ta ce, "Au, ashe riƙo aka ba ki." Har yau ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa ba.

Idan sabuwar ɗaliba ta zo, akwai takardar da ofis ke ba ta ta cike: suna, kulliyya, lambar rajista, wilayar da ta fito, sunan waliyyi. Takardar tana da amfani, da ita ake raba gadaje. Amma tun a shekarata ta biyu na sayi babban littafi mai baƙin bango, na ware wa kowace yarinya shafi guda. Ba a ofis nake cike shi ba. Sai bayan magariba, mun zauna a tsakar gida da shayi, ina tambaya a hankali. Wa ke turo miki kuɗi, baban ne ko wani yaya da ke aiki a Saudiyya? In ciwo ya kama ki da tsakar dare, wa zan kira wanda ba zai firgita ba? Kina da asma, ko sikila? Da wane harshe ake magana a gidanku? Akwai wadda ta taɓa shiga jami'a a danginku, ko ke ce ta fari?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi gaya mini abin da zan tarar nan gaba.

Malamanmu da suka yi Jami'ar Khartoum a da suna ba da labarin lokacin da ɗalibi ke samun gado da abinci kyauta. Daga 1990 aka buɗe jami'o'i da yawa a wilayoyi, aka mayar da yawancin karatu da Larabci, kula da gidajen kwana kuma ya koma hannun asusun ƙasa na kula da ɗalibai, wanda kowa ke kira Sanduk. Alherin da ke cikin wannan a bayyane yake, domin ta haka ne 'yar manomin riɗi daga ƙauyen Gadarif ta sami hanyar karanta likitanci. Sai dai abinci ya koma wuyan ɗalibi. A dakiliyyarmu kowane ɗaki yana da mez, 'yan ɗaki su haɗa kuɗi a farkon mako, a sayi wake na ful da adas da burodi da albasa da mai, a riƙa girki bi da bi. In ƙarshen wata ya matso, sai bosh: a gutsuttsura burodi a babban kwano, a zuba ruwan ful da ɗan mai, kowa ya sa hannu.

A wajen wannan kwanon ne nake gane wadda ke cikin matsi. Yarinyar da kuɗinta ya yanke ba za ta taɓa zuwa ta ce mini ba ta da shi ba. Cewa za ta yi tana azumi. Litinin da Alhamis ba na cewa komai. In na ga azumin ya shiga Talata da Laraba, kuma fuskar ta faɗa, to labarin zuciya a tambayi fuska. Ba na kiranta ofis, don duk wadda aka gani ta shiga ofishina, kafin la'asar ɗakinsu ya sani. Nakan ce, "'Yata, zo ki taya ni tsintar shinkafa." Muna tsinta muna magana. Daga nan in cike mata takardar kafala, ɗan tallafin da ake ba ɗalibai marasa ƙarfi, in kai da hannuna. Kafin ya fito, mu ma'aikata muna da adashenmu, kuma mun amince tun farko cewa akwai kwasa guda da ba ta kowa ba ce, ta mez ɗin yaran ce.

A nan nake saɓa wa abokan aikina da ke ganin aikinmu ya ƙare a ƙirga katifu da fankoki da rufe ƙofa da dare. Duk ana bukatar waɗannan, ni ma na yi su. Amma ban taɓa ganin yarinyar da ta bar karatu saboda fanka ba. Waɗanda na ga sun tattara kaya sun tafi, yunwa ce ta kore su, ko kaɗaici, ko kunyar faɗuwa jarrabawa sau ɗaya.

A jami'o'in Sudan ana kiran sabon ɗalibi barlum, mace barluma, manya kuma sanayir. Ana yi da wasa, amma wasan kan yi wa baƙuwa nauyi. Sai na juya abin: kowace barluma na haɗa ta da siniya guda daga kulliyyarta, wadda za ta nuna mata ɗakin karatu, ta ba ta tsofaffin takardunta, ta zauna da ita in ta sami mulhak, wato jarrabawar gyara. 'Yan likitanci da haɗa magunguna su suka fi bukatar wannan, don sun yi sakandare da Larabci, ga manyan littattafan fanninsu cike da Turanci. Na duba littafina kafin in haɗa su. Ba na haɗa mai shiru da mai shiru.

Sai 'ya'yanmu Hausawa, na Sinnar da Gadarif da Kasala da Damazin. Da yawa sukan zo sun ɓoye harshensu, saboda sun sha jin kalmar Fallata, sunan da ake kiran masu asalin Afirka ta Yamma, ana faɗa da wata murya. Ni kuwa a bakin ƙofa nake tarbar su da "Sannu da zuwa, 'yata, kin sha hanya." Za ka ga kafaɗunta sun sauka. Sauran yara suna kirana Ustaza ko Khala, waɗannan kuwa kafin wata ya cika sun koma Gwaggo. Na tuna wani dattijo da ya kawo 'yarsa, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a inuwar dalbejiya. Ya ce, "Malama, 'yan uwana sun ce na yi wauta da na bar ta ta zo. Amana ce na kawo miki." Na ce, "Baba, na karɓa. Ga lambata, ko da asuba ne ka kira."

Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Karatu ya tsaya. Masu hanyar gida suka tafi, ɗakunan da suka bari kuma suka cika da iyalan da suka gudo daga Khartoum da Omdurman. Yara tara suka rage a hannuna, yawancinsu 'yan Darfur, waɗanda gidan ma ba ya komuwa. Wata takwas muka yi tare. A tsakiyar Disamba faɗa ya iso Madani. Daren da muka yanke shawarar fita, na buɗe littafin a hasken waya ina bin shafi shafi. Wannan tana da kawu a Kasala. Wannan yayarta na aure a Port Sudan. Wannan mai asma ce, a tabbata maganinta yana jakar hannu, ba cikin akwati ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai a takardar ofis.

Huɗu ba su da kowa a gabas ko kudu, sai na tafi da su Mai Wurno. Garinmu waɗanda suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi a bakin Kogin Nilu Shuɗi, don haka ba sai an koya wa mutanensa saukar baƙo ba. Ƙanwar babana ta share ɗakinta ta ce, "Ɗa na kowa ne." A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke, Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi ta waya, ya daina aiki, lambobin da ke cikin wayoyi suka zama banza ga wanda cajinsa ya mutu. Littafin takarda ne, yana nan. Da shi nake zuwa inda ake biyan kuɗi a hau Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, in aika wa iyaye saƙo ɗaya bayan ɗaya cewa 'yarsu na raye.

Daga baya jami'o'i suka fara karatu ta waya, suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a garuruwan da ke da lafiya da ma ƙasashen waje. Sanarwa kan fita, amma yarinyar da ke sansani ko ƙauyen da ba layi ba za ta gan ta ba. Na koma shafin farko na fara kira. Wasu sun yi aure, wasu suna Masar, wasu Chadi. Wasu na same su, suka je suka zauna jarrabawa.

Sojojin gwamnati sun sake karɓe Madani a Janairu 2025. Da na koma, na tarar da ɗakunan wayam, ba gado ba fanka, sai dalbejiyar tsakar gida. Na sayi sabon littafi, na ƙara tambaya guda a kowane shafi: in hanyar gida ta rufe, ina za ki nufa, kuma wa kike da shi a can?

Makon jiya na kira dattijon nan. Shekara ɗaya ta rage wa 'yarsa ta gama, shi kuwa ya ce ba za ta sake barin gabansa ba. Ban yi masa gardama ba, don na san abin da ya gani. Na gaya masa halin da gari ke ciki, da inda za ta kwana, da cewa ni ma a nan nake kwana. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Malama, bari a gama yankan riɗi. Ni zan kawo ta da kaina."